Matar da Ta San Arahar Orlando

Shekara talatin da ɗaya Velma Tidwell ta yi tana aiki a ɗakin wanki na wani asibiti a garin Macon. Daga ƙarfe shida na safe zuwa biyu da rabi tana tsaye, tana jawo zannuwan gado daga bakin inji tana ninkewa. Amma in aka ambaci sunanta a unguwarsu ko a cocinsu, ba mai cewa mai wanki. Cewa ake, ai Mis Velma ce, wadda ta san yadda ake kai yara manyan gidajen wasan lilo na garin Orlando, can jihar Florida, a dawo da sauran kuɗin mai a aljihu.

Ba sha'awa ce ta koya mata ba, haushi ne. Lokacin da ɗanta Terrell yake shekara takwas, mijinta Roscoe ya yi wata huɗu yana aikin ƙarin lokaci a kamfanin katako, ya tara abin da suke ganin zai ishe su kwana biyar a Orlando. Suka kama hanya a tsakiyar Yuli, lokacin zafi da cunkoso da tsada, ba su tambayi kowa komai ba. Suka sauka a otal ɗin da ya fi kusa da ƙofar gidan wasan, suka riƙa cin abinci sau uku a ciki, duk abin da yaro ya nuna da yatsa Roscoe ya zaro walat. A rana ta biyu da yamma ya zauna a bakin gado ya buɗe walat ɗin, ya daɗe yana kallon cikinsa, sannan ya ce ta haɗa kaya. Awa shida suka yi a hanyar komawa, sau ɗaya ya buɗe baki, ya tambaye ta ko da sauran ruwa a gora. A unguwa kuwa an san kwana biyar suka ce za su yi, don haka ya shigar da mota bayan gida, suka wuni biyu labule a sauke.

Abin ya tsaya wa Velma a rai. Duk wanda ta ji ya je ya dawo, ma'aikaciyar jinya ce ko mai gadi, sai ta tare shi a wurin cin abinci ta tambaye shi ina ya kwana, me ya ci, me ya saya ya yi nadama. Bayan shekara uku ta sake kwasar su, wannan karon a ƙarshen Satumba. Suka yi kwana huɗu cif, suka dawo Roscoe yana fito a bakin sitiyari. Shi ya yi ta baza labarin a coci, kuma tun daga nan ta yi sallama da hutun yamma. Roscoe ya rasu Terrell yana ajin ƙarshe a sakandare, hawan jini ne ya kayar da shi a wurin aiki. Mutane suka ɗaga mata ƙafa wata uku, sannan suka ci gaba da ƙwanƙwasa ƙofa.

A teburin kicin take ganin su. Ta dawo daga aiki, ta kwaɓe takalmi, ta ɗora ƙafafu a kujera, ta zuba wa baƙo shayi mai ƙanƙara. Haka wata rana Sherita, wata abokiyar aikinta mai 'ya'ya uku, ta zo da hotunan otal a waya tana murmushi. Velma ko kallon wayar ba ta yi ba.

"Nawa ke hannunki yau?" in ji ta. "Ban ce wanda gwamnati za ta mayar miki na haraji ba. Ban ce wanda uban yaran ya yi alkawari ba."

Sherita ta faɗa da ƙaramar murya. Velma ta sa ta ware kashi ɗaya cikin biyar, ta ce wannan na facin tayar mota ne da maganin ciwon ciki, in kuma Allah ya sa ba a taɓa shi ba ya zama na cefanen makon dawowa, domin mutane kan manta cewa in sun dawo ma sai sun ci abinci. Sannan ta shiga karanto mata abin da ta karanto wa mutum ɗari kafin ita. A tafi bayan an koma makaranta, Satumba ko ƙarshen Janairu, a roƙi malamai kwana biyu, a shiga ranar Talata ko Laraba. A kama masauki mai kicin ko da ya yi nisan minti ashirin, amma kafin a biya a kira a tambayi kuɗin ajiye mota da duk wani ƙari da suke ɓoyewa sai ranar fita. Tikiti a saye shi daga gidan wasan kansa ko wurin dillali sananne. Masu rumfa a bakin titi da ke sayar da wanda wani ya ci rabinsa, a wuce su, a ƙofa za a sha kunya. Masu cewa za su ba ka tikiti rabin kuɗi in ka zauna awa ɗaya sun tallata maka gidan hutu, su ma a wuce su, don sai sun cinye maka wuni.

Ta ce gidan wasa ɗaya a rana ya isa, tikitin tsallake daga wannan zuwa wancan asarar kuɗi ne ga mai ƙananan yara. Tsakanin kowace rana da ta gaba a bar wuni guda a masauki, yara su yi ta iyo, don shi kyauta ne kuma sau da yawa shi suka fi tunawa. A isa ƙofa kafin a buɗe, a fara da lilon da ya fi layi. A shiga da burodi da niƙaƙƙiyar gyaɗa da tuffa a jaka mai riƙe sanyi. Ruwan ƙanƙara kuwa a roƙa a kofi wurin masu sayar da abinci, ba sa hanawa. Rigar ruwa ta leda a saye ta tun a Macon a shagon araha. Haka 'yan tsana da huluna, a ɓoye su a ƙasan akwati a riƙa fito da ɗai-ɗai kowace safiya. Kowane yaro a ba shi nasa kuɗin a ambulan, in ya ƙare ya ƙare. Kada kowa ya sa sabon takalmi. Kuma a jingina kowane yaro da bango a auna tsawonsa tun a gida, a gaya masa gaskiyar wanda zai hau da wanda ba za a bar shi ba.

"Mis Velma, wannan hutu ne ko aikin soja?" in ji Sherita.

"Da yara uku wa ya ce miki hutu za ki? Aiki ne dai kika sauya wa gari. Sha shayinki."

Sau tara Velma ta jagoranci motar coci zuwa Orlando, tana gaba da lema, iyaye da yara arba'in a bayanta. Ta san inda banɗaki yake a kowace kusurwa, ta san bencin da inuwa ke kaiwa da azahar. Lilo kuwa sau ɗaya ta taɓa hawa, ta sauko ta yi amai a bayan shuke-shuke, ba ta sake ba. Ba ta taɓa gaya wa kowa cewa wurin bai burge ta ba, ƙarar kiɗan da ba ya yankewa, da ƙamshin sukarin da ke hawa mata kai. Masu neman shawara kuma rabi suke ɗauka. Wani zai dawo ya kawo mata kofi mai zane ya yi godiya, wani zai dawo ya ce ai ba ta gaya masa za a yi ruwa ba. Jijiyoyin ƙafarta suka fara fitowa ruɗu-ruɗu, likita ya ba ta safa mai matsewa, ta riƙa sa ta da safe tana nishi.

Tana shekara sittin da uku Terrell ya zo ranar Lahadi da matarsa Janelle da 'ya'yansu mata biyu, Brielle mai shekara goma da Nyla mai bakwai. Direban motar ɗaga kaya ne a wani sito, ya girma ya zama ubansa sak, har yadda yake tsayawa a bakin ƙofa yana juya makulli. Ya ce lokaci ya yi da yaran za su ga Orlando, kuma ba za su je ba sai da ita. Janelle a makaranta take aiki, ba ta da hutu sai dogon hutun tsakiyar shekara, don haka Yuli ne ko a fasa. Velma ta ji kalmar Yuli har cikin gwiwarta. Ta so ta ce su je, za ta rubuta musu komai. Amma yaran suna tsaye suna kallon bakinta, sai ta ce to.

A ranar ta jingina su da bangon kicin ta ɗauko tef ɗin ɗinki. Brielle ta wuce. Nyla inci arba'in da bakwai ta yi, babban lilon da take ta kallo a waya tun Kirsimeti, mai kama da jirgin ƙasa da ke hawa sama ya sulalo, sai mai arba'in da takwas. Velma ta ja Terrell baranda ta ce ko a ɗaga tafiyar zuwa baɗi, ko a gaya wa yarinyar yau ta yi kukanta a gida, inda kuka ba ya cin ko sisi. Ya yi dariya ya ce inci ɗaya ne fa, zai sa mata takalmi mai tudu, wa zai tsaya duba inci ɗaya a cikin wannan taron. Ta ce aikin da ake biyan su ke nan. Ya ce ta bar masa wannan.

Ta bar masa. Ta samo musu ɗan gida mai ɗaki biyu da kicin a Kissimmee, kusa da Orlando, ta tsara kwana biyu a gidan wasa da wuni ɗaya na hutu a tsakani. Nata tikitin da kanta ta biya. Suka tashi da asuba, Velma ta riga ta soya kaza tun da dare, suka ci a wurin hutawar matafiya bayan garin Valdosta. Suna isa ta sa aka tsaya a babban kanti aka sayi shinkafa da wake da ƙwai da burodi da katan biyu na ruwa.

Washegari komai ya tafi yadda ta tsara har ƙarfe goma. Sun isa kafin a buɗe, sun hau ƙananan lilo uku ba layi. Sannan suka je babban. Velma ta tsaya daga nesa riƙe da jaka, tana ganin ma'aikaciyar ƙofa ta sa Nyla tsaya jikin sandar awo, ta duƙa ta duba, ta girgiza kai. Terrell ya yi magana, ya nuna takalmin, ya nuna layin da ke bayansu. Matar ta ci gaba da murmushi tana girgiza kai. Nyla ba ta yi kuka nan take ba. Sai da ta ga yayarta ta shige da uwarsu, sannan ta zauna a ƙasa kan kwalta mai zafi ta fashe.

Terrell ya ɗauke ta ya yi cikin shaguna. Bayan rabin awa suka dawo, yarinyar tana rungume da 'yar tsana mai tsawon rabin jikinta, da balan-balan a ɗaure a hannu, da askirim yana zuba a gwiwar hannunta. Yana tafe yana latsa waya, Velma ta leƙa ta ga yana biyan kuɗin tsallake layi na mutum biyar. Ta jira har Janelle ta dawo ta ja yaran wanke hannu.

"Akwai 'yar tsana irin wannan a akwatina," in ji ta. "Tun watan Mayu na saya."

"Mama, don Allah."

"Ban ce komai ba."

"Kin ce." Ya zauna a ƙarshen bencin da take zaune a kai, bai kalle ta ba. "Kin san abin da nake tunawa da zuwan da muka yi ta yi? Burodi mai ɗumi a leda, muna zaune a bayan banɗaki don nan ne inuwa, yaran mutane suna wucewa da abin da aka saya musu. Ban kawo 'ya'yana su yi wannan ba."

Amsa ta zo mata har baki. Sau huɗu ya zo wurin nan kafin ya gama makaranta, alhali yaran layinsu da yawa ko iyakar Florida ba su taɓa gani ba, kuma burodin nan mai ɗumi shi ya kawo shi. Amma rana ta riga ta hau, safar tana cizon ta a bayan gwiwa, kuma ta ga yadda gumi ya jiƙa masa riga. Ba ta da ƙarfin gardama.

"Ku je," ta ce. "Zan tsare jaka."

Awa huɗu ta yi a bencin. Ta ci burodi ɗaya, sauran huɗun suka zauna a jaka, don sun ci abinci a ciki. Ta je ta roƙi ruwan ƙanƙara sau biyu. Wajen ƙarfe uku hadari ya taso kamar yadda ya saba, ta zaro rigar ledarta ta sa, ta zauna ruwa yana dukanta, rigunan sauran huɗu a ninke a cinyarta. Da ruwan ya tsagaita suka ɓullo, kowa sanye da sabuwar rigar ruwa mai tambarin gidan wasan. Janelle ta ga abin da ke cinyar surukarta, ta kawar da kai.

Ranar hutu Terrell ya kwashi yaran zuwa wurin iyo tun da hantsi. Velma tana kwance a doguwar kujera, ƙafafunta sun kumbura har idon sawu ya ɓace. Janelle ta kawo roba da ruwan sanyi ta ajiye mata, ta zauna a ƙasa kusa da ita. Ta ce jiya kaɗai Terrell ya kashe fiye da rabin abin da suka ware wa kwana ukun, sauran ya ɗora a katin bashi, kuma ya kasa gaya wa uwarsa.

"Mama, ki gyara mana gobe. Ni zan riƙe jakar, ba sai ya san daga ina shawarar ta fito ba."

Velma ta sa ƙafa a ruwan ta lumshe ido. Ta so ta yi fushi, ta nema ta rasa. Ta ce a ɗauko takarda. Suka soke cin abincin daren da aka shirya a waje, Janelle ta ɗora wake da shinkafa. Velma ta jera mata lilon da za a fara da shi da wanda za a bari sai lokacin da jama'a suka tafi kallon fareti, ta nuna mata inda akwai tebura a ƙarƙashin rumfa mai fanka, nesa da banɗaki, inda za a ci abin da aka zo da shi ba wanda zai ɗaga kai. Da yaran suka dawo ta kira ƙaramar.

"Ke gajeriya, zo nan."

"Kaka, ke ma ai gajeriya ce."

"Ni na wuce sandar, hawan ne ba na so. Zauna."

Ta gaya mata a fili cewa gobe ma akwai lilo biyu da ba za a bar ta ba, ta faɗi sunayensu. Sannan ta lissafa mata goma sha ɗaya da za ta hau, har da na kwale-kwale da ke jiƙa mutum sharkaf. Nyla ta turo baki, ta yi ƙwalla kaɗan, ta tambaya ko na kwale-kwalen ana iya hawa sau biyu. Aka ce ko sau goma. Ta tashi ta tafi neman abin ci.

Da safe takalmin Velma ya ƙi shiga. Ta gwada da safa, ta gwada babu, ta zauna a bakin gado tana kallonsa. Tikitin da sunanta yake, ba a mayarwa, ba a ba wani. Tunda take ba ta taɓa barin tikiti ya mutu ba. Terrell ya tsaya a bakin ƙofa ya ce ai ana ba da hayar keken guragu, shi zai tura ta. Ta tambaye shi nawa, ya faɗa, ta ce ya kwashi iyalinsa su tafi kada a buɗe ƙofa ba su isa ba. Sai ya sunkuya ya ɗauki jakar abincin daga hannun Janelle ya rataya, suka fita.

Ta koma ta kwanta. Ba ta farka ba sai ƙarfe huɗu na yamma, irin barcin da ta manta akwai shi. Ta ɗumama wake ta ci a tsaye, ta lallaɓa zuwa wurin iyo ta zauna a gefe ta tsoma ƙafa. Wasu baƙi a gidan da ke kusa suna sauke kaya daga mota, uba da uwa da yara uku, kowa da sabon takalmi fari tas. Ta bi su da kallo har suka shige, ba ta ce musu komai ba.

Suka dawo gab da faɗuwar rana, a jiƙe, fuska ta ƙone. Nyla ta hau kwale-kwale sau shida. Brielle ta kashe kuɗin ambulan ɗinta a kan sarƙar roba da ta tsinke kafin su kai mota. Terrell ya ajiye jakar a kan tebur, Velma ta buɗe don ta wanke, ta tarar babu komai sai ɓawon tuffa. Ya tambaye ta ƙafa, ta ce da sauƙi. Iyakar abin da suka ce ke nan.

Sai da aka kusa Kirsimeti ya gama biyan katin, Janelle ce ta gaya mata. A watan Maris Velma ta ajiye aiki, bayan likita ya ce ko ta daina tsayuwar awa takwas ko a yi mata aiki a ƙafa biyun. Aka yi mata ɗan biki a ɗakin wanki da kek da lemo, Sherita ta yi kuka. A coci ta gaya wa fasto ya nemi wani ya riƙe motar Orlando, aka ba wata matashiya da ke yin komai ta waya. Masu zuwa gida ba su daina ba, sun dai ragu. Yanzu takan miƙa musu biro da takarda ta ce su rubuta da hannunsu, in ta gaji a tsakiya ta ce su dawo jibi.

Terrell yakan zo duk Lahadi bayan coci ya yanke mata ciyawar tsakar gida, ya duba famfon kicin da ke ɗiga. Maganar da ya yi a benci ba wanda ya sake tayar da ita, shi bai ba da haƙuri ba, ita ba ta nema ba. In ya gama takan zuba masa abinci, ya ci a baranda, ita tana kujerar gefe da ƙafa a kan akwatin katako, suna hirar tsadar mai da makarantar yara har ya tashi tafiya.